Katako na Bakwai

Matashin jan ƙyalle yana nan cikin kabad ɗin gilashi, har da zagayen da nauyin kambin ya bari a tsakiyarsa. Kambin ne babu.

Auta ta riga ta fara bayani kafin ta lura. Shekara uku ke nan tana zagayawa da baƙi a Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa, bakinta ya saba har yana rigan idonta. "Wannan kuma shi ne kambin da ya fi komai tsufa a gidan nan," ta ce, ta juya za ta nuna, sai hannun ya tsaya a sama.

Ubanta yana can ƙarshen ayarin. Ido-ƙasa ake ce masa, don ya yi shekara talatin yana bin sawun ɓarayin dabbobi a gandun daji, kuma har ya yi ritaya bai iya tafiya kai a sama ba. Wannan ne zuwansa na farko ganin inda autarsa ke aiki. Ta so ta shigar da shi kyauta, ya ce Allah ya kiyaye, ya bi layi ya sayi tikiti kamar kowa, ya zura safar ƙyallen da ake ɗora wa baƙi a kan takalmi don kada su goge katakon dandamali. Tun safe bakinsa bai rufu ba, saura kaɗan ya riƙa taɓa mutane yana cewa wannan mai bayanin 'yarsa ce.

Kafin minti biyar Darakta ya hawo yana haki, ma'aikata na biye da shi. Ya dubi kabad, ya girgiza kwaɗo, kwaɗo a kulle.

"Wa ke riƙe da mabuɗi?"

"Ni ce, Yallaɓai. Ƙarfe tara na goge shi na kulle, Gwaggo mai tufafi tana tsaye."

"To, ashe magana ta ƙare."

A gaban baƙi tara ya miƙa hannu ya cire katin aikin da ke rataye a wuyanta, ya karɓe mabuɗai, ya watsa su kan tebur. Ya sa a rufe ƙofar gida. Ya ce ya buga wa 'yan sanda waya, in suka iso kambi bai fito ba, da ita za su tafi. Daga baya aka fara ƙus-ƙus. Wata mai shara ta ce dama shirun yarinyar nan ya yi yawa. Mai sayar da tikiti ya ce shi tun farko bai ga dalilin ba sabuwar zuwa mabuɗi ba. Mutanen da ta gaisar da safe ɗaya bayan ɗaya ne, yanzu kowa ya tuna bai taɓa yarda da ita ba.

Ido-ƙasa ya fara matsowa gaba. Ya taɓa kama mutum da kan barewa a buhu bai wulaƙanta shi haka ba. Auta ba ta yi kuka ba, kuma hakan ne ya fi ƙona masa rai.

"Kai kuma wane ne?" in ji Darakta, ganin ya matso.

"Baƙo. Tikitina ya ce zagaye, zan ƙarasa zagayena."

* * *

An tara baƙi a babban zaure ana binciken jakunkuna da aljihuna. Ido-ƙasa ya ja 'yarsa gefe.

"Ƙofa nawa ke shiga ɗakin nan na sama?"

"Biyu, Baba. Babbar matakala da muka hau, mai gadi na zaune a gindinta tun safe. Sai tsohuwar da ke bayan dandamali, ita kuma an ɗaure ta da igiya, ba a bi."

"Tun da muka shigo, yaushe idonki ya bar kanmu?"

"Sanda na kashe fitilun babban zaure don ku ga taurarin da aka zana a rufi. Minti goma."

Ya tuna. Shi ma ya ɗaga kai a duhun nan ya saki baki kamar yaro, karo na farko cikin shekaru da ya bar kallon ƙasa, kuma a daidai lokacin ne aka cuci 'yarsa. Ya yi tsaki, ya karɓi tocilarta.

Tsohuwar matakalar ƙarama ce, ta katako, mutum biyu ba sa wucewa tare. Tsintsiya ta manta da ita. Ya durƙusa, ya kwantar da hasken tocila a gicciye yadda ƙura za ta yi inuwa. Sawu iri biyu ya gani. Akwai na takalmin aiki mai haƙora, ya kwana biyu, ƙura ta fara rufe shi. A kansa kuma akwai sabo fil, sumul ba zane, sawun safar baƙi, ya hau kuma ya sauko.

Ya bi shi katako bayan katako bai taka ba, yana dafa bango. Mai sawun bai yi tuntuɓe ba, bai laluba ba, ga shi kuwa a duhu ya hau. A katako na bakwai Ido-ƙasa ya tsaya. Takalmin aiki ya taka nan sosai, har sau biyu kamar da gayya. Safar ba ta taɓa shi ba. Daga na shida ta faɗa na takwas, da saukowa ma haka. Ya danna katakon da tafin hannu, ya ji shi garau, babu motsi ko ƙara.

Ya daɗe a durƙushe yana dubawa. Ya san dabba ba ta tsallake wuri haka kawai, mutum ma haka, sai dai bai ga abin gudu a nan ba.

* * *

Da ya koma zaure sai ya tarar an sami sabon wanda za a rataya wa laifi. Cikin baƙin akwai wani dogo mai kyamara, wata mata ta rantse ta ga ya tashi daga kujerarsa a cikin duhu. Darakta har ya fara sassauta murya, don baƙon yana maganar lauya.

"Na tashi mana," in ji mai kyamara. "Na koma baya ne in ɗauki rufin gaba ɗaya. Laifi ne?"

Ido-ƙasa bai kalli fuskarsa ba, ƙafarsa ya kalla. Ƙafa ce kamar kwale-kwale, safar ma ba ta rufe dunduniyar ba, ta bar robar takalmin a waje. Da shi ne ya hau, da kowane katako ya ɗauki hatiminsa.

"Ku ƙyale shi, ba shi ba ne. Sawun da na gani safa ce zalla, shi kuwa safa ba ta rufe masa dunduniya ba."

"Wa ya naɗa ka alƙali?" in ji Darakta. "In ba shi ba ne, ai mun koma kan 'yarka. Safar nan ita ke raba ta, kwando guda gare ta."

Gaskiya ce, kuma Ido-ƙasa ya ji zafinta. Ya wanke baƙo ya ƙara tura Auta rami da hannunsa. Ya dubi sauran baƙin: mata uku 'yan uwan juna, wasu ango da amarya da suka manne wa juna, wani malamin makaranta, da wani tsoho mai malfa da baƙin tabarau da ya zauna a gefe ya dunƙule, tun safe ko tari bai yi ba. An juye jakar kowa, ba a sami ko ƙwallin gilashi ba.

* * *

Gwaggo mai tufafi tana ɗakin ɗinki a ƙasa, ƙafafunta a kan kwali, gwiwoyin sun kumbura.

"Na ga kambin ƙarfe tara, wannan ko gaban wa zan faɗa," ta ce. "Mai gadi ne ya riƙe ni muka hau, ya riƙe ni muka sauko. Yarinyar nan ba ta da hannun ɗauka."

"Me ya hana ki faɗi haka ɗazu?"

Ta kawar da kai. "Saura wata biyar in yi ritaya, ɗan'uwa."

Ya so ya gaya mata magana, ya haɗiye. "Zinariya ce?"

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba. "Gwangwani ne da fasassun kwalabe. Ko mai gwangwan ba zai tsaya maka ba. Amma sarakunan wasa sun shekara tamanin suna ɗora shi a dandamalin nan, shi ya sa ake kulle shi."

"Wa zai so gwangwani har ya hau bene a duhu?"

"Mahaukaci. Ko ɗan wasa, duk ɗaya ne."

Kafintan gidan yana ƙarƙashin dandamali yana shafa wa igiyoyin labule mai. Ido-ƙasa ya fara duba takalminsa, ya ga haƙoran da ya sani.

"Kai ke hawa tsohuwar matakala."

"Duk mako, in duba igiyoyin sama. Sai me?" Kafinta ya ajiye gwangwanin mai da ƙarfi. "In sharri za ka ɗauke daga kan 'yarka ka ɗora mini, ka faɗa tun wuri."

"Kabad ɗin nan yana buɗuwa ba mabuɗi?"

Kafinta ya share hannu a wando. "In ka ɗaga murfin sama kaɗan, yana fita daga mazauninsa. Tsohon kabad ɗin kayan wasa ne, duk tsofaffin gidan sun sani. Sau uku ina rubuta wa ofis."

"Ka san haka, kana tsaye aka cire mata kati?"

"In na faɗa, wa za a fara kallo?"

Ido-ƙasa ya kafa masa ido. Ga mutum ya san sirrin kabad, ya san matakala, kwandon safa kuma a buɗe yake a bakin ƙofa, kowa na iya zarar guda. Saura kaɗan ya cafke masa kwala. Abu ɗaya ne ya tsayar da shi.

"Me katako na bakwai ya yi maka da kake dukansa da ƙafa sau biyu?"

Fuskar Kafinta ta sake, har ya manta ana faɗa. "Au, ka gani? Ai aikina ne. Da, katakon nan kuka yake kamar akuya, ana jin sa har kujerar ƙarshe. In ana wasa ka taka shi, to ka kashe wasa, sai ka sha zagi har gida. Duk ɗan wasan da ya tashi a gidan nan, abin da ake fara koya masa ke nan, shida sai takwas. Shekara goma sha biyu da suka wuce na sake shi. Ina taka shi ne in ji daɗin hannuna."

"Darakta ya san da wannan?"

"Wannan? Shekara huɗu da aka turo shi daga ma'aikata. Labule ma bai san ta ina ake jan sa ba."

"Su wa suka rage masu tsallakewa?"

"Babu. Wasu sun mutu, wasu an sallame su sun watse. Ni da Gwaggo muka rage, ita kuwa ko bakin ƙofa ba ta iya tsallakewa."

Ido-ƙasa ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. A karo na farko tun da aka rufe ƙofar gidan, numfashinsa ya sauka har ciki.

* * *

Ya sami Darakta yana duba agogo.

"Yallaɓai, akwai sawun ɓarawo a tsohuwar matakala. Ina so kowa ya hau in gwada tsawon ƙafarsa. Ko in yi yanzu, ko in nuna wa 'yan sanda, in kuma gaya musu takarda uku aka rubuto maka kan maganar murfin kabad."

Darakta ya ba da umarni. Aka kwance igiya.

Aka taru a bayan dandamali, baƙi da ma'aikata, har Gwaggo aka kawo a kujera. Ido-ƙasa ya tsuguna a gindin matakala da igiyar awo da ya ara wurin Kafinta, yana ta gwaje-gwajen da ba su da wani amfani. Ya ce a rage haske don ƙura ta fi nunawa.

Auta ta fara hawa, ta taka kowane katako, ta tsaya a sama. Darakta ya hau yana ƙunƙuni, ya taka na bakwai da duk nauyinsa. Mai kyamara ya hau, matan nan uku suka hau suna riƙe da juna, ango da amarya, malamin makaranta. Kowa ya hau ya sauko, hankalinsa na kan tsawon ƙafarsa, wani na ɗage dunduniya, wani na jan ƙafa.

Saura tsoho mai malfa. Ya taso a dunƙule, yana jan ƙafa da gangan don ya ɓata sawu, yana dafa bango kamar bai taɓa ganin bene ba. Ya iya tsufa ƙwarai. Ɗaya, biyu, uku, yana nishi. Da ya kai na shida, ƙafar dama ta ɗaga da kanta, sumul, ta sauka a na takwas.

Kafinta ne ya fara yin salati.

"Dawo, dattijo," in ji Ido-ƙasa. "Sauko."

Tsohon ya juyo, ya dubi katakon da ya tsallake, ya dubi ƙafarsa kamar ba tasa ba.

"An gyara shi shekara goma sha biyu ke nan," in ji Ido-ƙasa. "Ba wanda ya gaya wa ƙafarka. An juye jakarka da aljihunka, abu ɗaya ne ba a taɓa ba, don ana jin nauyin furfura. Cire malfar."

Tsohon ya sauko. A gindin matakalar ya miƙe tsaye, sai ga shi ya fi kowa tsawo ban da mai kyamara. Ya cire tabarau, ya ɗaga malfa da hannu biyu. Kambin yana zaune a kansa daram, fasassun kwalaben suna ƙyalli a ɗan hasken da ya rage.

"Sarki!" in ji Gwaggo, ta dafe ƙirji. "Kai ne? Ashe kana raye?"

"Ina raye, Gwaggo. Ba wanda ya tambaya ne." Muryar ta cika bayan dandamalin ba tare da ya ɗaga ta ba. Ya juya kan Darakta. "Shekara ashirin da shida ina ɗora kambin nan a gidan nan. Ranar da aka sallame ni, a bakin ƙofa mai gadi ya miƙo mini takarda. Yau da tikiti na shigo. Na bi bangon nan kaf, hotunan daraktoci ne reras, wasu ko wasa ɗaya ba su taɓa kallo har ƙarshe ba. A takardar da kuke raba wa baƙi kun rubuta wai 'yan wasa da dama sun yi amfani da shi. Da dama! Wasiƙa biyar na rubuto a sa sunana, ko ɗaya ba a amsa ba. Da aka kashe fitila, ban san sanda na tashi ba."

Amarya har ta fara share ido. Ido-ƙasa ya ga tausayi yana zagaya mutane, sai ransa ya ƙara ɓaci.

"An cuce ka, na ji," ya ce. "Ita wannan me ta yi maka? Awa biyu kana zaune da shi a kanka. Kana kallo aka cire mata kati, kana ji aka ce za a ba 'yan sanda ita. Ka san zafin a kore ka a bakin ƙofa, ka zauna kana kallon ana yi wa 'yar wani. Ko tari ba ka yi ba!"

Mutumin da ya haddace maganar sarakuna ta shekara ashirin da shida ya rasa kalma ɗaya. Ya sauke kambin daga kansa, ya riƙe shi a ciki kamar kwanon da aka ba shi ajiya.

Darakta ya gyara murya. "To, alhamdulillahi, kaya ya fito. A bar maganar a nan, ba sai ta fita waje ba. Ke, je ki ɗauki katinki ki koma bakin aiki."

"A ina ta ajiye shi da za ta ɗauka?" in ji Ido-ƙasa.

"Bari, Baba." Auta ce daga saman matakala. Ta sauko a hankali, ta tsaya gaban Darakta, hannayenta a baya. "A gaban mutanen nan ka cire shi, Yallaɓai. Suna nan ba su tafi ba."

Mai kyamara ya ɗaga kyamararsa. Darakta ya dubi Kafinta, Kafinta ya dubi rufi. Haka ya hau bene da ƙafarsa ya ɗauko kati da mabuɗai, ya sauko yana gumi, ya rataya mata a wuya, ya ce a yi haƙuri da wata murya da sai da Gwaggo ta ce ba ta ji ba, ya maimaita. Sannan ya fita buga waya ya ce wa 'yan sanda su sha zamansu.

Ido-ƙasa ya kama hannun 'yarsa. "Zo mu tafi. Gidan da za a juya miki baya cikin minti biyar ba wurin zama ba ne."

"Ka sayi tikiti, Baba. Saura ɗaki ɗaya."

Ta karɓi kambin daga hannun tsohon ba ta kalle shi ba, ta wuce gaba, ayarin ya bi ta har ɗakin sama. Tsohon ma ya biyo, ya tsaya a bakin ƙofa da malfa a hannu. Ta mayar da kambin kan matashinsa, ta kulle, ta juyo ta fuskanci baƙi kamar yadda ta saba.

"Wannan shi ne kambin da ya fi komai tsufa a gidan nan. Gwangwani ne da kwalba. Wancan dattijon da ke bakin ƙofa ya ɗora shi shekara ashirin da shida, ba wanda ya kai shi daɗewa, kuma gidan nan bai rubuta sunansa ko'ina ba. Kafin ya fita zai ba ni sunan, zan riƙa faɗa wa duk wanda ya shigo ɗakin nan."

Tsohon ya ɗago kai, idonsa ya kawo ruwa.

"Zan kuma riƙa faɗa musu cewa wata rana ya sace shi, ya zauna yana kallo aka ce ni ce. Shi ma tarihin kambin ne." Ta nuna ƙofa da tocila. "Ta nan ake fita. A ajiye safa a kwando."